Haƙorin da Inna Ta Sani

Likitar haƙori ta ɗauko wani ɗan allo da aka jera wa haƙoran gwaji, daga fari ƙal har zuwa mai launin shayi da madara, ta kara shi a bakinsa tana dubawa. Giɓi yana kwance a kujera, fitila na haska masa fuska, hannuwansa a kan ciki. Shekara da shekaru shi ne a tsaye, mutane na zaune a ƙarƙashin hannunsa a shagon aski. Yau ga shi an kwantar da shi an ɗaura masa ƙyalle a wuya, sai abin ya yi masa banbaraƙwai.

"Baba, kar ka zaɓi farin nan na ƙarshe," in ji 'yarsa Auta, da ke zaune a gefe da jaka a cinya. "Sai a ce faranti ka haɗiye ya tsaya maka a baki."

Likitar ta yi dariya, ta ajiye allon, ta yi masa bayani a tsanake. Abin da za a sa masa wani siririn ɓawo ne na tangaran, bai wuce kaurin farce ba, da ake liƙawa a fuskar haƙori ya rufe duk abin da ke ƙasa. Haƙoran gaba biyu za a yi masa don su zo daidai da juna. Amma kafin a liƙa sai an kankare fuskar haƙorin kaɗan, abin da aka kankare kuwa ba ya dawowa.

"Shi ya sa ba na gaggawa," ta ce. "Yau na gwaji zan sa maka, a kan haƙorinka yadda yake, ba tare da na taɓa komai ba. Ka je gida da shi, ka yi magana, ka ci abu mai laushi, mutanen gida su gani. In ya kwanta maka a rai ka dawo mako mai zuwa mu yi na dindindin. In bai yi ba, na ɓare shi, ka tashi yadda ka zo."

Ɗaya daga cikin haƙoran gaban nan tun yana yaro ya ɓantare. Ya faɗi a bakin famfo, kusurwar haƙorin sama ta fita, daga baya kuma ragowar ya riƙa yin duhu har ya koma ruwan toka. Su tagwaye ne, shi da ɗan'uwansa, kamarsu ɗaya har maƙwabta kan ba ɗaya saƙo su tambayi ɗayan amsa. Da haƙorin ya ɓantare sai kowa ya huta. Aka sa masa Giɓi, ɗan'uwan kuma aka sa masa Sumul, sunayen suka bi su makaranta, suka bi su har shagon askin da suka buɗe tare. Giɓi ya girma da ɗabi'ar kai hannu baki in zai yi dariya. Auta ta tashi tana ganin hannun nan, shi ya sa da ta samu aiki, abu na farko da ta yi shi ne kawo shi nan.

Da aka gama, likitar ta miƙa masa madubi. Ya duba a gurguje ya mayar mata, ya yi godiya. Sai da kalmar ta fita ya ji muryarsa ta canza. Ɗan fiton nan da kan biyo maganarsa ta kafar haƙorin, wanda shi kansa ya daina ji tuntuni, ya ɓace.

Shagon yana da kujeru biyu da dogon madubi ɗaya da ya haɗa su. Kujerar dama ta Giɓi ce. Ta hagu kuwa tun bara waccan ba wanda ya zauna a kanta, tawul ake ninkewa a jera. Sumul ya fita da safe zai sayo reza, ya ce yanzu zai dawo, zuciyarsa ta tsaya a hanya. Ko shayinsa bai shanye ba.

Direban bas ne ya fara shigowa, mutumin da ya fi son hira da askin.

"Wa nake gani haka? Giɓi an cike giɓi. Takara za ka tsaya ne ba mu sani ba?"

"Zauna a rage maka wannan dajin."

"To yanzu da wane suna za mu kira ka? Ka kashe mana suna a banza. Shekara nawa muna amfani da shi bai lalace ba."

Giɓi ya yi dariya, hannunsa ya tashi da kansa zuwa baki, ya tsaya a hanya, ya rasa inda zai sa shi. Ana cikin haka tela na shagon gefe ya leƙo zai ari almakashi. Ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi Giɓi, ya dubi kujerar hagu, ya ce bari ya dawo anjima. Bai dawo ba.

Da direban ya tafi, Giɓi ya kaɗe injin askin da burushi, ya share gashin da ya zuba, sannan ya tsaya gaban madubi ya buɗe baki sosai. Ɗan'uwansa ne ke kallonsa. Ya daɗe a tsaye da tsintsiya a hannu. Ya ga furfurar da ta ƙaru a gefen kunne, ya ce a ransa, ashe haka za ka tsufa.

Kullum in ya rufe shago da yamma gidan Yayarsu yake bi, inda mahaifiyarsu take zaune. Tunanin Inna ya fara zubewa tun kafin rasuwar Sumul, idonta ma ya yi rauni. Da aka gaya mata rasuwar ta yi kuka har muryarta ta dishe. Washegari ta tambaya ina Sumul. Aka sake gaya mata, ta sake kukan sabo fil kamar ba ta taɓa ji ba. Yaya ta ce ya isa, ba za a riƙa kashe mata ɗa kowace safiya ba. Daga ranar amsar ta zama ɗaya: ya yi tafiya. Kullum Giɓi ya shiga, Inna takan amsa gaisuwarsa, ta leƙa bayansa, ta ce, "Ina ɗan'uwan naka?" Ya ce ya yi tafiya. Sai ta miƙo masa hannu ya duba mata farce, don shi kaɗai ta yarda ya yanke mata.

Ran nan ya yi sallama a ƙofar ɗakin, ya shiga ya durƙusa gaban gadonta. Taga a buɗe take, hasken yamma ya sauka a fuskarsa.

"Sannu da hutawa, Inna. Ya jikin?"

Ta ɗago kai, ta matso da fuskarta kusa da tasa, ta sa hannu ta riƙe haɓarsa kamar yadda take yi musu suna yara in za ta wanke musu fuska. Ta ɗaga leɓensa da babban yatsa.

"Sumul," ta ce. "Ka dawo."

Ya buɗe baki zai gyara mata. Yaya, da ke tsaye a bayansa da faranti, ta taka masa ƙafa.

"Kai dai ba ka da kirki," in ji Inna, hawaye na bin kumatunta tana dariya. "Tafiya ba ko aike? Dubi yadda ka rame. Ke, zuba masa abinci. Kawo nan mu ci tare."

Inna da ake lallashi kafin ta kai cokali uku baki, ran nan ta cinye rabin farantin, tana tura masa nama gabansa. Ta tambaye shi hanya, ya ce hanya lafiya. Ta tambaye shi ko mutanen can suna da kirki, ya ce suna da kirki. Bai ƙara komai a kai ba. Ita ce ta yi ta magana, shi yana sauraro, abin da ya fi iyawa ke nan dama.

A bakin ƙofar gida Yaya ta riƙe masa hannun riga.

"Ka ga yadda ta ci? Rabon da in ga haka har na manta."

"Yaya, ƙarya fa muke yi mata."

"Da can da muke cewa ya yi tafiya, gaskiya muke faɗa? Wannan dai ƙaryar tana sa ta cin abinci. Yaushe za a sa maka na dindindin?"

"Mako mai zuwa."

"To ka je a sa. Allah ne ya kawo mana sauƙi ta bakinka."

Haka aka yi kwanaki. Kowace yamma Sumul yana zuwa. Inna ta fara cewa a sa mata kujera a tsakar gida, ta nemi a ɗauko mata ɗankwalinta mai kyau. Giɓi ya tarar ba sai ya yi wani ƙoƙari ba. Ya san yadda ɗan'uwansa ke zama da ƙafa ɗaya a miƙe, ya san yadda yake tsokanar Yaya a kan gishirin miya. A shago ma ya lura yana daɗewa gaban madubi. Wani lokaci har yakan yi magana, ya ga bakin can ya motsa, ya ji sanyi a ransa. Ya fara ganin ba Inna kaɗai aka yi wa gata ba.

Wata yamma ya ga farcenta ya yi tsawo, ɗaya har ya tsage yana kama zaren bargo. Ya zaro abin yankan farce daga aljihu, ya kama hannunta. Ta janye.

"A'a. Kai hannunka da garaje, ka taɓa yanka ni. Bari Giɓi ya zo."

Ta leƙa bayansa, ta dubi ƙofa.

"Ina ɗan'uwan naka?"

Yaya ce ta amsa daga kicin, da saurin wanda bakinsa ya saba. "Ya yi tafiya, Inna."

"Giɓi?" Inna ta juya wajen muryar. "Giɓi ba ya tafiya."

"Aiki ne ya taso masa."

"Wane aiki? Mai aski ne, kawuna ne ke zuwa wurinsa." Ta dawo da fuskarta kan wanda ke durƙushe gabanta. "Kai ne mai yawo, tun kana rarrafe. In ban gan ka ba na san kana can kana surutu da mutane. Shi kuwa ko kasuwa zai je sai ya leƙo ya ce, Inna, na tafi kasuwa. Me ya same shi?"

"Lafiyarsa ƙalau, Inna."

"Kun yi faɗa?"

"Ba mu yi ba."

"Ka san shi, ba ya faɗin abin da ke damunsa. Sai dai ya rufe baki da hannu. Ka je ka dubo min shi."

Ran nan ba ta ci komai ba. Washegari ma da ya zo ya tarar an sa mata kujera a tsakar gida, amma ta juya ta tana fuskantar ƙofa. Ta amsa gaisuwarsa, ta shafa kansa, idonta na kan ƙofar. Hannunta ɗaya na cinya, tana shafa tsagaggen farcen da yatsa.

Yaya ta ce zai wuce. "Za ta manta, kamar yadda take manta komai. Kwana biyu ne."

"Sumul ma cewa muka yi za ta manta. Ta manta?"

Yaya ta ci gaba da goge farantin da ya riga ya bushe.

"To ya kake so a yi? Mutum ɗaya ne kai. Duk wanda ka shigo da shi, ɗayan za ta tambaya."

"Na sani. Amma ɗaya ba yadda muka iya da shi. Ɗayan kuwa mu ne za mu ɗauke mata shi da hannunmu."

Ya koma gida a ƙafa maimakon ya hau mota, harshensa na shafa bayan ɓawon gwajin. Ta ciki har yanzu yana jin bakin tsohon haƙorin, da ɗan kaifinsa. Ya tuna maganar likita, cewa abin da aka kankare ba ya dawowa. In ya kwanta a kujerar nan aka yi na dindindin, Inna za ta zauna tana kallon ƙofa har iyakar kwanakinta, shi kuma yana durƙushe a gabanta ba ta san ya zo ba.

Ana gobe zai koma wurin likita, ya sa rigar da Sumul ya fi so, wadda ke rataye a bayan ƙofar shago tun ranar da ya rasu. Ya je ya zauna kusa da Inna da ƙafa ɗaya a miƙe. Ya tsokani Yaya a kan gishiri, Yaya ta rama ba tare da ta dube shi ba. Da rana ta yi sanyi ya gyara zama ya durƙusa.

"Inna, na zo in yi miki sallama ne. Zan koma."

"Tun yanzu?"

"Wancan karon na tafi ban gaya miki ba. Abin ya tsaya min a rai. Shi ya sa na dawo in faɗa miki da bakina. Wurin da nisa, zan daɗe."

Ta ƙura masa ido. Ya yi zaton za ta yi kuka, har Yaya ta matso. Sai ta ɗora hannu a kansa.

"Can ɗin kana jin daɗinsa?"

"Ina ji, Inna. Ba abin da na rasa."

"To ka je. Allah ya tsare, ya yi maka albarka. Na yafe maka wancan, amma kar ka sake." Ta ɗan ja kunnensa. "Ka biya ka turo min ɗan'uwanka."

"Gobe za ki gan shi."

Da ya fito, sai da ya tsaya a lungun gidan ya jingina da bango na ɗan lokaci kafin ya kama hanyar gida.

Da safe ya gaya wa Auta shawarar da ya yanke a hanyarsu ta asibiti. Ta saurara har ya gama, tana kallon titi.

"Baba, tun ina ƙarama ban taɓa ganin dariyarka gaba ɗaya ba. Rabi nake gani, rabi hannu. Kwanakin nan ne kawai na gani."

"Na sani, uwata. Abin da kika yi min ba ƙarami ba ne. Ba ƙin sa na yi ba."

"To sai yaushe?"

Duk sun san amsar, kuma ba wanda ke son ranar ta zo. Can ta ce, "Hannun dai ka rage. Wannan ba sai da likita ba."

Likitar ta riga ta jera kayan aikinta a kan tire. Da ya ce a ɓare na gwajin kawai, ta tambaye shi ko launin ne bai yi ba, ko yana taɓa masa leɓe. Ya ce aikinta ba shi da aibi, ya yi kyau har ya wuce yadda ake so. Ya ba ta labarin a taƙaice. Ta ajiye abin da ke hannunta.

"Amfanin na gwajin ke nan," ta ce. "Haƙorin naka zai jira. Zan wanke shi in duba saiwarsa, don duhun nan yana son a riƙa sa masa ido. Awonka yana nan a ajiye, duk ranar da ka shirya."

"Kaifin gefen fa, kar a goge shi."

"Ba zan taɓa ba."

Ta sa wani ɗan ƙarfe ta ɓamɓare ɓawon, ya fita gutsure-gutsure kamar ɓawon ƙwai. Iska ta bugi haƙorin ya ji sanyinta. Ya ce sannu da aiki, ɗan fiton ya biyo kalmar, Auta ta kau da kai tana murmushi.

Da yamma ya yi sallama a ƙofar gida. Inna na kan kujerarta tana fuskantar ƙofa. Tun kafin ya ƙaraso ta ɗago kai, don ta ji muryar. Duk da haka sai da ya durƙusa ta riƙe haɓarsa, ta ɗaga leɓen, ta shafa kaifin haƙorin da yatsa.

"Ina ka shiga?"

"Ina nan, Inna."

"Kana nan ina? Ɗan'uwanka ya zo ya yi kwana da kwanaki, kullum muna cin abinci tare, kai ko ƙeyarka. Jiya ya koma. Yanzu ka yi asarar ganinsa."

"Na gan shi, Inna. A shago muka haɗu."

"Ka ga yadda ya tsufa? Furfura har kunne." Ta ƙare masa kallo. "Kai ka fi shi riƙe jiki."

Yaya ta fashe da dariya daga ƙofar kicin, tana share ido da gefen mayafi. Shi ma dariyar ta kama shi. Hannunsa ya ɗaga zai tafi baki, amma Inna ta riga ta ɗora nata a cikinsa, tana nuna masa farcen da ya tsage.

Ya zaro abin yankan farce, ya juya hannunta wajen haske, ya fara daga ƙaramin yatsa. Tana kallon aikin, ba ta leƙa bayansa ba. Bai sani ba ko gobe za ta tambaya, ko sallamar jiya za ta zauna mata. In ta tambaya, yana da abin faɗa: ya zo, ya yi miki sallama, kin sa masa albarka.

"A hankali," in ji Inna. "Kar ka cika shiga ciki."

"To, Inna."